Daminar da Na Yi Wanki da Yayarku

Ranar sunan jikana ɗan Mamman, bayan baƙi sun watse, ina kishingiɗe a gindin bango ina jin hirarku, sai Auta ta ce cikin dariya wai Iya dai ba ta taɓa son Yaya ba, ko sunanta ba ta iya faɗa. Kuka yi dariya, ni ma na yi murmushi, don kun san ban iya mayar da magana da zafinta ba. Amma maganar ta bi ni ɗaki, ta tashi da ni, har yau ba ta sake ni ba. Tunda Allah ya sa na zauna karatun manya da furfurata har hannuna ya iya riƙe alƙalami, bari in ajiye muku wannan a rubuce, in ya so bayan raina kada wani ya sake faɗin abin da bai sani ba.

A zamaninmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Mace ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in zai sha nono ma sai ta juya fuska tana kallon bango kamar aikin dole take yi. Wadda ta rungumi ɗanta na fari a tsakar gida, sai a kwana ana zancenta a unguwa, a ce ba ta da kunya, gidansu ba a yi mata tarbiyya ba. Ni kuma baƙuwa ce a Gaya, daga Tanda aka kawo ni, duk idon gidan yana kaina. Saboda haka ranar da aka yaye yayarku, da kakarku ta kwance ta daga bayanta ta ɗora a cinyar Gwaggonku Bibata, yayar babanku, ta ce ga ɗiya nan Allah ya ba ki, ina tsugune ina tsince shinkafa, kuma ban ɗaga kai ba. Aka yaba mini ƙwarai. Kakarku ta ce an yi sa'ar suruka.

Da nesa aka kai ta, da wataƙila zuciyata ta haƙura. To, zana ɗaya ce tsakanin ɗakina da na Bibata. Nonona bai ƙafe ba ina jin yarinyar tana koyon cewa Inna, kuma ba ni take nufi ba. Shi ya sa da na haife ku na ce ku kira ni Iya. Kun ɗauka son raina ne. A'a, wancan sunan an riga ni ne.

Ba zan yi wa Bibata ƙarya ba don ta rasu. Mace ce doguwa mai wushirya, mai dariyar da ake ji daga bakin hanya, ta yi shekaru a gidan miji ba ta taɓa ko ɓari ba, kuma ta riƙe yarinyar nan da zuciya ɗaya. Da ta wulaƙanta ta, da na samu abin riƙewa. Ba ta yi ba, shi ya fi cina. Mijinta Garba shi ne kukun kumandan, Baturen da ke mulkin garin. Lokacin Turawa ba su daɗe da zama a Gaya ba, babu gada, sai kwalekwale ke haye da fataken goro zuwa wancan gefe, bariki kuma yana can kan tudu, mutane suna zagaye shi in za su wuce. Ta hanyar Garba ne wankin bariki ya zo hannun Bibata: fararen rigunan tafinta, kakin gardi-gardi, wato 'yan sandan Bature, mayafan tebur na kumandan. Ga kuma nata na dā, wankin fatake da na matan gari. Kullum da hantsi za ta zube kayan a tsakar gidanta, ta kira yarinyar su rarraba kafin su tafi gulbi, ni kuma ina wannan gefen zana ina daka, ina sassauta taɓarya don in ji.

Ta iya koyarwa, wannan ma dole in faɗa. Da wasa take yi.

"Wannan wane ne?"

"Fari, Inna."

"Fari malami ne, ba ya son a taɓa shi. Kai shi can shi kaɗai. Wannan fa?"

"Baƙi."

"Baƙi bafatake ne, duk wanda ya gaisa da shi sai ya bar masa shuni a hannu. Nesa da malam. Wannan fa?"

"Na Anasara."

"Na Anasara ba ruwansa da kowa. Kayan Anasara ba ya zuba. Tara su wuri ɗaya, fari da ja da kaki, ku je ku yi ta yarenku."

Sai yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, irin dariyar Bibata sak, har da jefa kai baya. Ni na haife ta, amma ko dariyarta ba tawa ba ce.

Abin da ya ƙara mini zafi, wannan aikin na fi Bibata saninsa. Mahaifina marini ne a Tanda, a bakin karofi na girma, hannuwana ba su rabu da shuni ba sai da na yi aure. A gidanmu ba a yarda da ido kan tufa. Sai ka kama bakin zanen ka jiƙa da yawu, ka goga a cikin sakaina, wato fasasshiyar ƙwarya, wajen farin nan. In sakaina ta fito fes, to. In ta ɗauki launi, komai kyan tufar, ta tafi wankinta ita kaɗai. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na leƙa ta kan zana na ce, Yaya, da kin gwada da sakaina tukuna. Bibata ta riƙe ƙugu.

"'Yar Tanda, ashe ku a ƙauye lasar tufafi kuke yi? Abinci ne ya yi muku kaɗan?"

Matan gidan suka kwashe da dariya, yarinyar ma ta taya su. Daga ranar ita ma ta kama kirana 'Yar Tanda, yadda ta ji a bakin Innarta, ba wanda ya hana ta, ni kuwa ba ni da bakin hanawa.

A shekarar da haƙoranta na gaba suka faɗi, tun farkon damina Garba ya zo da labari cewa bayan girbi za a mayar da kumandan Dosso, kuma kumandan ya ce ba zai ci girkin kowa ba sai na Garba. Garba zai tafi, Bibata za ta bi mijinta, yarinyar za ta bi Innarta. Dosso ta wancan lokaci ba Dosso ta yau ba ce da kuke hawa mota ku je ku dawo. Wanda ya tafi ya tafi ke nan, sai dai labari a bakin fatake. Na zauna na duba, na ga yarinyar nan za ta bar garin ba ta da komai nawa a jikinta, ba waƙa, ba tatsuniya, ba ko yadda ake ɗaura kallabi. In ta girma aka ce wa ya haife ki, za ta tuna wata mata mai daka a bayan zana. Ban nemi a mayar mini da ita ba, wannan ya fi ƙarfina. Abu ɗaya nake so, ko ƙanƙane, wanda za ta riƙa yi ta ce 'Yar Tanda ce ta koya mini.

Ana cikin haka kurkunu ya fito wa Bibata a idon sawu. Ƙafar ta kumbura, ta kasa takawa, tana zaune a tabarma ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan. Wankin bariki kuwa ba ya jiran mai ciwo. Kakarku ta kira ni ta ce in ɗauki kayan Bibata in kai gulbi, yarinyar ta raka ni tunda ita ta san na wane da na wane. Na ce to, da murya irin ta wadda aka ɗora wa wahala. Na shiga ɗaki don in ɗauko gammo, na tsaya a bayan ƙofa har sai da fuskata ta koma daidai. Allah ya yafe mini, ban taɓa yi wa Bibata addu'ar sauƙi da rabin baki ba sai a wannan damina.

Na ɗauka in muka keɓe ni zan koya mata. Ashe ita ce za ta koya mini. Tana gaba da ɗan masakinta a ka, ina biye da ƙanwarta Sa'a goye a bayana, tana waiwaye tana gyara ni.

"'Yar Tanda, ba nan ba. Inna ba ta bi ta nan, akwai ƙaya."

"To."

"Ba wannan dutsen ba. Na Inna ga shi can, mai faɗi."

"To."

"Ke ba ki waƙa? Inna in tana bugun wanki waƙa take yi da Dendanci."

"Ban iya ba."

"Mi kika iya?"

Matan bakin gulbi suna jin mu. Wata tsohuwa mai wankin gero, Ta-Zabori ake ce mata, ta ce yau kunya ce da kanta ta zo wanki, ku ba ta wuri. Wata ta ce, ke 'yar nan, kin san wace ce wannan da kike yi wa faɗa? Yarinyar ta ce matar Baba ce mana. Suka yi ta dariya har da tafi. Na sunkuya ina cuɗa rigar tafinta, na bar ruwan gulbi ya fantsama mini a fuska don kada a gane komai. Haka muka yi ta yi, gulbi yana cika yana cin duwatsun wanki muna ja da baya, kullum Inna ta ce, Inna ba ta yi, Inna ta fi ki sauri. Duk da haka in gari ya waye ni ke fara shiri. Ina kallon ƙeyarta duk tsawon hanya, ba mai ganina balle ya ce ba ni da kunya. Na san tana da ɗan tabo a bayan kunnen hagu, ban san ranar da ta ji ciwon ba.

Wata safiya, gero ya fara fitar da kai, Garba ya aiko da ƙunshin bariki ya fi na kullum nauyi. An raba wa gardi-gardi sababbin kaya saboda wani babban Bature da zai zo rangadi, sun sa sun yi atisaye sun jiƙa su da gumi, ana so a wanke kafin ya iso. A ciki akwai ɗamarunsu, jajaye wur, dogaye, irin waɗanda suke naɗawa a ciki. Waɗanda Bibata ta saba wankewa tsofaffi ne, rana da ruwa sun gama cinye su tun kafin su zo hannunta. Waɗannan kuwa ko a ido sai da gabana ya faɗi. Ina kwance Sa'a daga goyo, na juyo na ga yarinyar ta riga ta raba kaya tsibi-tsibi, fari can, baƙi can, ta tattara na bariki gaba ɗaya, ɗamaru da babbar rigar tafinta mai aiki a wuya da mayafan teburin kumandan, ta rungumo za ta tsoma a masaki.

"Ke, tsaya."

"Na Anasara ne. Ba ya zuba."

"Kawo ɗaya in gani."

"Inna ta ce ba ya zuba."

Ban yi mata gardama ba. Na duba cikin yashi na tsinci sakaina, na wanke ta, na ce ta kama bakin ɗamarar ta sa a baki. Ta yamutse fuska, ta ce ita ba 'yar ƙauye ba ce. Na ce to yi don ki yi mini dariya. Ta lasa, ta tofar, na riƙe hannunta na goga wajen a cikin sakainar. Ranar na fara riƙe hannunta tun da aka yaye ta. Da muka ɗaga, cikin sakainar ya yi ja kamar an yanka kaza a kai.

Ku da kuka taso bayan Turawa sun yi sanyi ba za ku gane ba. Da kayan nan sun shiga masaki ɗaya, da mayafan kumandan sun fito jajaye ana gobe baƙonsa zai zauna cin abinci, kuma bulalar gardi ba ta tambayar wa ya tsoma, bayan Garba za ta nema. Matan gulbi suka taru suna kallon sakainar, ana miƙa ta hannu zuwa hannu. Ta-Zabori ta ce ashe Anasara ma yana zuba. Ni kuwa, gaskiya zan faɗa muku, wani daɗi ya cika mini ƙirji wanda ban taɓa ji ba. Ga abin da na daɗe ina nema ya zo har hannuna, a gaban shaidu. Kalma ɗaya ta rage in ce, kin gani, Innarki ba ta sani ba, ni na sani.

Sai na dubi yarinyar. Ba sakainar take kallo ba, matan take kallo, yadda suke dariya suna ambaton sunan Bibata. Jan rini ya ɓata mata giɓin haƙora. Ta ce a hankali, ba da ni take ba, ba da kowa ba:

"Inna ba ta ƙarya."

Na tuna cewa bayan girbi wannan matar ce kaɗai za ta kasance da ita a garin da ba ta san kowa ba. In zazzaɓi ya kama ta a Dosso, Bibata ce za ta ce sha wannan za ki warke, kuma dole ta yarda. Na tsuguna daidai tsayinta, abin da ban taɓa yi ba, na goge mata baki da bakin zanena.

"Ba ta yi ƙarya ba. Tsohon kayan Anasara ba ya zuba, sabo ne ke zuba. Innarki ta san da sakaina, ita ta nuna mini. Ciwon ƙafa ne ya sa ta manta ta gaya miki."

"Ita ta nuna miki?"

"Ita ce."

Fuskarta ta washe nan take. Ta ƙwace sakainar daga hannun Ta-Zabori, ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya tana lasa tana gogawa, har da farar rigar tafinta da ba ta da abin zubarwa. Ta ware ɗamarun can ƙasa da kowa, inda ruwa ke tafiya da jansu. Ta-Zabori ta dube ni ta daɗe, ta koma kan geronta, ba ta sake yi mini ba'a ba har ta bar duniya.

Da muka koma gida tun daga ƙofa take kira, Inna, Inna, na tuna miki abin da kika manta. Ta zube a tabarma tana nuna sakainar, tana ba da labari, numfashi na katse ta. Bibata ta saurara har ƙarshe, ta ɗago ta dube ni ina tsaye da kaya a ka. Ita ce ta yi mini dariyar lasar tufafi a gaban matan gida, kuma ta san ban manta ba. Na jira in ji ko za ta gyara zancen. Ta shafa kan yarinyar ta ce:

"Haka ne, 'yar Inna. Na manta."

Da la'asar ina shanya a jikin zana, na ji muryarta daga wancan gefe, ƙasa-ƙasa, ba irin tata ba, tana yi mini godiya da Dendanci.

"'Yar Tanda. Fofo."

"Ba don ke na yi ba, Yaya."

Wannan ita ce magana mafi kaushi da na taɓa yi wa wani mahaluki.

Ƙafar ta warke, ta karɓi wankinta, na koma bayan zana. Yanzu wasan nasu ya samu sabon baiti, ina ji Bibata tana cewa ɗauko sakainar Inna mu tambayi Anasara ko sabo ne. Sakainar Inna. Na daka gero a wannan kaka har ya zama gari ban sani ba. Da aka gama girbi suka tashi. Babanku ya same ni a madafa ya ce, in kina da magana ki faɗa, ni zan je wurin Yaya Bibata a kan yarinyar. Na leƙa waje na ga yarinyar ta ɗaure ƙunshinta da kanta, tana riƙe da gefen zanen Bibata kada a tafi a bar ta. Na ce ba ni da magana. Da jakuna suka motsa ta waiwayo ta ce, 'Yar Tanda, sai mun dawo. Na ce a sauka lafiya, ina duban tukunya.

Sauran kun sani. A Dosso ta girma, Bibata ta yi mata aure, Bibata ta yi mata wankan jego, a hannunta Bibata ta cika. An ce ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da aka kawo mini labarin na yi wa Bibata addu'a da gaskiya, sannan na zauna ina kishin gawa, ina tambayar kaina ko ni za a yi mini rabin wannan.

Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya faru a zuwan yayarku na bayan rasuwar babanku, da ta zo da 'yarta ƙarama suka yi mana kwanaki. Kuna kasuwa ranar. Ta tara wankin gidan a bakin rijiya tana cuɗawa, ta ba ni baya, ni ina inuwa ina gyaran kuɓewa. Sai na ga jikata ta ɗauko sabon zanen atamfar Auta, ta sa bakinsa a baki, ta waiga ta tsinci sakaina a gindin randa ta goga, ta duba, ta jefa shi gefe shi kaɗai. Jika ba a jin kunyarta, don haka na ce, ke amaryar kakanki, wa ya koya miki lasar tufafi? Ta ce innarta. Na ce ita kuma wa ya koya mata? Ta ɗaga kafaɗa. Na riga na san amsar, na shirya mata zuciyata kamar yadda na saba. Yayarku ba ta juyo ba, hannunta bai tsaya da cuɗa ba. Ta yi magana da 'yarta, ba da ni ba, yadda ya kamata.

"Ce mata wata 'yar Tanda ce. Ta ce wai wata ce ta manta, amma wadda ta manta ɗin ta gaya mini gaskiya tun muna hanyar Dosso."

Na ci gaba da yanka kuɓewa, ita ta ci gaba da wanki. Ba wadda ta dubi wata. Da suka tafi na ɗauki sakainar, ita ce wadda kuke gani a cikin kwallata kuna cewa Iya tana ajiye shara.

Auta, sunan dai har yanzu ba zan faɗa ba, kuma ba zan rubuta ba. Sakainar kuwa kada wanda ya zubar mini.